Mai Makullai na Ƙofa ta Bakwai

Zuwa ga ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya. Ya aiki, ya hidimar kamfani? Mu nan sai godiya. Na zaɓi takarda ne don ita ba ta da wurin da za ka danna ka katse mini magana, kamar yadda ka saba yi a waya.

Ina taya ka murna. Sabon ƙarin da kuka yi wa wasanku na intanet, Hasumiyar Ƙofa Bakwai, ya fito, na kuma ga sunanka a jerin marubuta. Tun ranar farko na saya. Ka san shekara shida ke nan ina wasan nan, ba don dodanni sun dame ni ba, sai don nan ne kaɗai nake ganin aikin hannunka. Har yanzu ni ce mai warkarwa a tawagarmu ta mutum shida. Su suna gaba suna sara da harbi, ni ina baya ina ɗinke musu rauni.

Ranar Asabar da rana muka kai ƙofa ta bakwai. Kafin dodon ƙarshe ya bayyana, sai na ji gyaran murya sau biyu, sannan ƙarar makullai, sannan jan ƙafar hagu a ƙasa. Auta, hannuna ya mutu a kan madannai. Mutum biyar suna ta kirana ta lasifika, ina kallo aka gama da su ɗaya bayan ɗaya.

Mai Makullai kuka sa masa suna. Kun ba shi ƙaho da tsayin bene, amma yadda yake karkata kai ya dubi mutum ta saman tabarau, wannan daga gidanmu ka ɗauko. Shekara talatin Baba yana riƙe da siton ma'aikata da tarin makullai a ƙugu, ka ɗauka ba zan gane shi ba?

A bakin hasumiyar akwai allon da ke ƙirga sau nawa aka kashe shi. Jiya ya wuce dubu arba'in. Na ainihin kuwa yana ɗakin da ke jikin nawa, wata takwas ke nan ɓarin jikinsa a shanye, bakinsa ba magana. Ni ke juya shi, ni ke ba shi abinci da cokali, ni ke goge masa yawu. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba. Ban ce ka cire shi ba, na san ba za ka ji ba. Abu ɗaya nake nema: ka zo ka gan shi tun yana numfashi.

Ka huta lafiya.
Yayarka

*

Zuwa ga Yaya,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta iso, na gode da gaisuwa da taya murna, ko da yake murnar ta zo da ƙaya. Ina gaida mai gidanki. Allah ya ba mara lafiya sauƙi.

Ba zan yi miki musu ba, shi ne. Mu talatin muka yi aikin nan, babu wanda ya sani sai ni, yanzu kuma ke. Mai zanen ma har tambayata ya yi inda na samo wannan jan ƙafar, na ce masa tunani ne kawai.

Kin lissafa gyaran murya da tabarau, amma kin tsallake abu ɗaya. Kin lura da ƙaramar ƙofar da ke bayansa, mai koren fenti, ba taga? Ɗakin ajiyarmu ne, inda ake jibge tsofaffin tayoyi da gwangwanayen fenti. Na fasa rediyo, ya kulle ni. Na faɗi lissafi, ya kulle ni. Wata rana ma ban san laifina ba, daga fitarsa aiki har dawowarsa ina kulle a ciki. Har yau ba na shiga ɗaki a ja ƙofa gabana bai faɗi ba. A ofis teburina na bakin ƙofa, suna yi mini dariya wai ni mai gadi ne.

Ke kuma kina zaune a waje kina ba ni labari ta ƙasan ƙofa, kina turo mini biskit. Ban manta ba. Amma ranakun da ya bar makullan a rataye a ƙusa, kina ganinsu, ba ki taɓa miƙa hannu ba. Tun lokacin ke mai warkarwa ce, Yaya. Kina jira a gama dukan mutum, sai ki zo da magani.

Batun zuwa, ban ga abin da zan zo yi ba. Lokacin da yake da baki bai faɗi abin da nake jira ba, yanzu da babu bakin me zan zo saurare? Sai dai ba ki ƙarasa faɗan ba. Ki koma ƙofa ta bakwai ki yi aikin da kika iya.

Naki,
Auta

*

Auta,

Sallama, da fatan ka tashi lafiya. Mai gidana yana amsawa.

Shekarata goma sha biyu lokacin da kake maganar ƙusa. Ka shekara ashirin kana jin haushin yarinya 'yar sha biyu, ita kuma ta shekara ashirin tana jin haushin kanta, ba sai ka taya ta ba. Kwana uku na yi ban taɓa kwamfutar ba saboda takaicinka.

Ranar Alhamis bayan na ba Baba abincin rana, tawaga suka matsa, na koma. Wannan karon na daure. Suka yi masa taron dangi, layin ransa da ke saman allo yana ta raguwa har ya koma ja. To ka san shekara shida hannuna ya saba, da na ga layi ya yi ja, yatsana ke dannawa kafin kaina ya yi tunani. Ban ankara ba na jefa masa warkarwar da ya kamata in jefa wa mai takobinmu.

Sai kiɗan ya tsaya. Dodon ya zauna a ƙasa, ya kwance makullan, ya ja ƙafa zuwa koriyar ƙofar nan ya buɗe ta. Ya ce, "Fito, ɗana. Ban kyauta maka ba. Ka yafe mini."

'Yan tawaga suka yi ta zagina, wai na ɓata musu faɗan awa guda, ko tsinke bai faɗo musu na ganima ba. Ban ma ji su sosai ba, domin na manta ƙofar ɗakin Baba a buɗe take, lasifikar kuma na ƙure ta. Ya ji komai, tun daga gyaran muryar. Na ji yana buga gefen gado da hannunsa mai lafiya. Da na shiga, idonsa ya cika da ruwa, yana ta nuna durowar gefen gado, yana ƙoƙarin haɗa leɓe abin ya ƙi.

Makullansa suna cikin durowar tun da ya bar aiki. Ga na ɗakin ajiya nan na naɗe maka a cikin takardar nan. Jikinsa ya ƙara sauka, abinci ma sai da lallashi. Ka zo, Auta.

Yayarka

*

Yaya,

Sallama. Makullin ya iso. Yana kan teburina, tun safe ban iya aikin komai ba.

Na duba bayanan wasan. Cikin dubban mutanen da suka shiga ɗakin nan, mutum ɗaya ne ya taɓa warkar da shi. Don ke na ɓoye wannan hanyar, shugabanmu ma bai san da ita ba. Wani dattijo muka ɗauka ya yi muryar. Sau goma sha tara na sa ya maimaita maganar nan, har ya tambaye ni ko akwai abin da yake yi ba daidai ba. Na ce babu, ina son in ƙara ji ne kawai.

Yanzu tambaya ɗaya, kuma don Allah kada ki ɗinke mini rauni. Makullai goma sha ɗaya ne a zoben nan, na san su kamar yatsuna. Shi ya zaɓi wannan da hannunsa, ko ke kika cire? In shi ne, zan shigo motar Juma'a.

Ina jiran amsarki.
Auta

*

Auta,

Sallama. Ni na cire.

Durowar ya nuna. A ciki akwai makullai, akwai tabaransa, akwai maganin tari. Ban san wanne yake nufi ba, kuma da na tambaye shi sai ya rufe ido. Na so in yi maka ƙarya, har na fara rubutawa na yaga. Ka riga ka sa masa magana a baki sau ɗaya, ba zan sa masa ta biyu ba.

Likita ya ce saura kwanaki, ba makonni ba. Motar Juma'a ƙarfe bakwai take tashi. Na gyara maka shimfiɗa a falo, inda babu ƙofar da za a ja.

Allah ya kiyaye hanya, in ka taso.
Yayarka