Mama da Tsohuwar Cikin Kumbo

Zuwa ga ƙanena Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kana cin abinci, kana kuma samun barci. Mu nan duk kalau muke, sai ƙafar Mama da ke ɗan taɓa ta in ta daɗe a tsaye. Abban Lauya yana gaishe ka, ita ma 'yar taka Lauya tana gaida kawunta.

Tunda ka daina ɗaga waya, na ce bari in rubuto maka, don takarda ba a katse ta a tsakiya. Na saurari saƙon muryar da ka turo, mai kama da na wanda aka yi wa rasuwa. Ka ce shekarun da ka kwashe kana rubuta labarin gem ɗin nan sun tafi a banza, masu wasa sun yi maka ca a intanet, manyanku a kamfani suna so a datse abin da ka rubuta, kai kuma gara ka ajiye aikin. Auta, aikin da ka bar mu ka yi nisa saboda shi? Ban yarda ba, sai na ga abin da idona.

Na'urar da ka aiko mana tana kan durowar falo cikin kwalinta, Mama ta shimfiɗa mata ƙyalle ta ɗora agogo a kai. Ranar da ba ni da aiki muka sauke agogon, Lauya ta jona wayoyi, muka shiga kumbon naku. Na fahimci labarin: duniyar mutane ta lalace, an kwashi waɗanda suka rage ana nema musu wata a cikin taurari, mai wasa shi ne kyaftin, kuma duk abin da ya zaɓa ya faɗa ko ya yi, labarin zai bi shi.

Ga ra'ayin gidanmu, ba zan rage maka komai ba. Ni dai da aka miƙo mini rimot, kyaftin ɗin bango ya yi ta tunkuya kamar rago, har jiri ya kama ni na miƙa wa Lauya. Ita ta ce yaƙin ba daɗi, bindigogin ƙarar murfin tukunya suke yi, ƙofofin kuma sai mutum ya tsufa kafin su buɗe. Amma da aka kira ta cin abinci cewa ta yi a ajiye mata. Abban Lauya kuwa, ka san mai gyaran firiji, ɗakin injin kumbon kawai yake so a kai shi. Ya tsaya gaban talabijin ya riƙe ƙugu ya ce duk wanda ya ja bututun sanyin nan bai taɓa riƙe sifana ba, da gaske ne da tuni kowa ya daskare. Ya ce in gaya maka ka gaya wa masu zanen.

Mama ta wuce da kwandon wanki, ta kalle mu ta ce manya da ku kuna wasan aljanu.

Jiya muka isa lambun kumbon, inda tsohuwar nan take kula da shuke-shuke, wadda ka ce ita aka fi zagi a intanet saboda surutu. Tana buɗe baki na kalli Abban Lauya, shi ma ya kalle ni. Auta, ka ji tsoron Allah. Na san inda ka samo ta.

Ka kula da kanka, kada ka sa hannu a wata takardar barin aiki tukuna.

Taka har kullum,
Yayarka

*

Auta ƙanena,

Sallama da gaisuwa. Yaya jiki, yaya sanyin garin naku? Ina fata ka ga wasiƙata, ko da ba ka amsa ba.

Asirinka ya tonu. Muna cikin wasa da yamma, kyaftin ya dawo daga yaƙi jina-jina, tsohuwar ta tare shi a bakin lambu ta ce ba za ta saurari labarin kowa ba sai ya wanke hannu ya ci abinci, kuma wa ya ce ya fita ba rigar sanyi. Mama tana bayanmu tana ninke kaya. Sai muka ji ninkin ya tsaya. Ta zagayo ta zauna a hannun kujera, ta sa tabarau, ta ce a maimaita. Lauya ta maimaita. Tsohuwar ta ƙara da cewa ita ba ta hana kowa mutuwa ba, amma ba da takalmi a kan shukarta ba.

Mama ta ce, "Wannan ni ce?"

Ta ce haka take da surutu? Abban Lauya ya tuna yana da aiki a waje, ya sulale. Ni na ce ai tsofaffi duk kama suke yi, ta ce in rufe mata baki. Fushinta na farko a kan ƙusumbi ne, wai don me ka lanƙwasa mata baya alhali ita tsaye take cak. Na biyu ɗankwalin, ta ce ko a mafarki ba za ta ɗaura wannan launin ba. Ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Na ce shi ke nan, ka ja wa kanka.

Washegari na dawo daga shago na tarar ta ja kujerarta gaban talabijin, da kofin shayinta, tana jiran Lauya ta dawo daga makaranta. Tun daga ranar ba ta fashi. Ba ta taɓa rimot, umarni kawai take bayarwa. A gaida wancan, kada a yarda da mai gemun nan idonsa ba gaskiya, a koma lambu a ga ko an shayar da tumatir. Mai gemun kuwa daga baya ya ci amanarmu ya sace man kumbo, har yau ba mu huta da gorin ba.

Yanzu ga abin da ya sa na zauna rubutun nan. Wani saurayi ya zo shagonmu gyaran tabarau, hannun tabaran ɗaya ya karye ya ɗaure shi da zare. Ina ɗaura masa sabo na ga hoton kumbonku a bayan wayarsa. Ban ce masa na san ka ba, na dai tambaye shi yaya ya ga gem ɗin. Ya ce kada ma in tuna masa da tsohuwar lambu, ta ishe shi, har ya shiga intanet ya rubuta cewa a cire ta. Ya ce akwai wurin da dole a bar mutum ɗaya a wata tasha don sauran su tsira, shi ko tunani bai yi ba ya bar ta, har da tafi.

Na ci gaba da ɗaure ƙusa ina jin kamar in soka masa sukudireba. Sai ya ce amma fa bayan nan kumbon ya yi shiru. Ya dawo daga yaƙi ya nufi lambu da kansa, ya tarar ganye ya bushe, ba mai ce masa komai. Ya kashe na'urar ya kira kakarsa, wadda ya daɗe bai nema ba, ta yi masa faɗa son ranta. Daga nan ya sake gem ɗin tun daga farko. Na ce to ka koma ka rubuta wannan a intanet? Ya yi dariya ya ce haba Anti, wa zai rubuta irin wannan abokansa su gani.

Na ba shi tabaransa ya tafi. Ban san ko su nawa ne irinsa ba, amma ka ji ɗaya.

Sai dai ya ɓata mini labari, yanzu na san abin da ke gabanmu, ban kuma gaya wa kowa a gida ba. Duk lokacin da na ga Mama tana dariya da tsohuwar nan sai in tuna da tashar.

Ka ci abinci. Wannan daga bakin duka biyun, Mama da tsohuwar kumbo.

Yayarka mai ƙaunarka

*

Ƙanena,

Gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Na gode da layi biyun da ka turo, ko ba komai na san kana raye.

Mun isa tashar. Ba sai na ba ka labarin da kai ka rubuta ba: ƙofar wucewa ta lalace, sai wani ya tsaya ya riƙe ta da hannu, kuma zaɓin tsakanin tsohuwar ne da yarinyar nan matuƙiya mai rawar kai. Lauya ta tsayar da wasan ta ajiye rimot a tsakiyar tebur kamar garwashi.

Aka buɗe kotu a falo. Lauya ta miƙe tsaye, ka san ba banza muka sa mata sunan ba, ta ce matuƙiyar soja ce, ta yi rantsuwa, ita ya kamata ta tsaya, kuma duk wanda ya taɓa tsohuwar ba ita ba shi. Abbanta ya ce a yi hankali, kumbo ba matuƙi ai akwatin gawa ne, tumatir ba ya tuƙi. Ta ce masa ba shi da tausayi. Ya ce yana da tausayi, lissafi ne dai ba ya ƙarya, amma duk maganar nan da yake yi bai yarda ya kalli inda Mama take ba. Ni na kawo shawarar a kashe a dafa shayi, aka yi banza da ni.

Mama ta miƙa hannu ta ɗauki rimot. Karon farko ke nan. Ta tambayi Lauya wanne ake dannawa, ta gyara tabarau, ta zaɓi tsohuwar. Lauya ta yi ƙara. Mama ta ce, "Ke tafi can. Da ni ce, kina tsammani zan tsaya a yi shawara a kaina? Da tuni na kama ƙofar. Yarinyar can ko aure ba ta yi ba."

Sai tsohuwar ta fara bankwana. Ni da Lauya muka yi ta sharɓe, Abban Lauya ya tashi ya je yana duba bayan firijinmu da ba abin da ya same shi. Mama kuwa ta harɗe hannu tana kallo. Jawabi ya yi nisa, aka shiga zancen taurari da ƙuruciya da ma'anar rayuwa, sai Mama ta fara kaɗa ƙafa. Can ta ce, wai ita wannan ba riƙe da ƙofa take ba?

Ga saƙonta, ta sa na rantse zan rubuta yadda ta faɗa. Ta ce masu zagin nan ba su da kunya, amma a nan suna da gaskiya. Matar da ke riƙe da ƙofa da hannu biyu ba ta wa'azi. Ita da ita ce, cewa za ta yi a shayar da tumatir da safe ba da rana ba, a kuma daina barin yaron nan kyaftin yana kwana da yunwa, shi ke nan su wuce. Ta ce duk sauran maganar taka ce, ba tata ba, ka cusa mata a baki. Ka rage. Amma in ka bar aikin aka ba wani bare ya riƙa yanka mata magana, to kada ka sake ka kira ta.

Na lura dai da ta tashi ta manta kofinta, ta kuma daɗe a bakin taga tana goge tabarau.

Ka kira ta, Auta. Ba fushi take yi ba.

Taka,
Yaya

*

Auta na Mama,

Sallama, da fatan ka tashi lafiya, aiki kuma yana tafiya.

Ba ka ga gidan nan ba ranar da ka kira. Mama ta kulle kanta da wayar a ɗaki, muna jiyo ta tana cewa goge wannan, bar wancan, ni ba na cewa haka. Da ta fito ta sanar da mu cewa kana nan a aikinka, kuma yanzu da ita ake yi. Ta gaya wa maƙwabciyarmu cewa tana aiki da kamfanin kumbo. Matar ta tambaye ni a ɓoye ko Mama lafiya.

Lauya ta ce ta yafe maka tsohuwar, amma ba ta yafe ƙofofin ba. Abbanta ya zana yadda ya kamata bututun su bi, na haɗo maka da wasiƙar nan, ka karɓa ka yi godiya kawai.

Mama ta ce yanzu nata wasan za ta fara, ita kaɗai, daga farko. Da aka zo wurin da ake ƙera fuskar kyaftin, mu da muka yi namu wucewa muka yi, ita kuwa ta ce a tsaya. Ta sa Lauya ta faɗaɗa goshi, ta ja hanci, ta ɗan buɗe kunnuwa, ta ce a'a, girar ta fi haka kauri. Ina kicin Lauya ta kira ni. Na fito na ga Baba, Allah ya jiƙansa, sanye da kayan sama jannati yana kallona. Sai da na nemi kujera.

Abu ɗaya ne ba daidai ba, ta cika masa kai da suma, baƙa wuluk har da tozo a gaba. Na ce Mama, Baba fa tun kafin a haife ni yake da sanƙo. Ta ce ita ta san shi kafin nan, kuma mijinta ne, in je in duba tukunyata.

Yanzu haka tana falo tana koya masa tafiya. Ya fi ni, sau biyu kawai ya tunkuyi bango, ta kuma ce ko da can haka yake, ba ya kallon gabansa.

Kowa yana gaishe ka. Allah ya yi maka albarka, ya sa mu gana da alheri.

Yayarka