Wayar Inna

Aliero.

Zuwa ga abokina Surajo mai gyaran kayan wuta, Jega Magaji.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da shago da mutanen gida. Kada ka yi mamakin ganin takarda a hannun Labbo direba. Wayata ta faɗa rijiyar ban ruwa a gonar albasa, ta tafi ke nan.

Ka san halin da muke ciki tun da injin casa ya cinye hannun daman Yaya Sambo. Injin nan da na haɗa da tarkacen tsofaffin firintoci, wanda kake wa dariya kana ce masa injin taliya, shi nake so ya buga masa hannun roba. Ba na noma ba, wanda dai zai riƙe cokali, a kuma miƙa shi a gaisa. Tafin ya fito, da yatsu biyu. Ana cikin na uku sai bakin injin ya huce, roba ta daskare. Da na kwance, na tarar siririyar wayar da ke naɗe a bakin, wadda ke yin ja ta narkar da robar, ta ƙone ta tsinke.

Na gwada wayar wutar gida, ba ta zafi, fis kawai ta cinye mini. Na warware wayar burkin babur, ta yi ja, har na fara murna, ita ma ta tsinke. Don Allah ka tona tarkacen shagonka, ko risho na lantarki, ko tsohon dutsen guga, duk abin da ke da wayar zafi a cikinsa. Wallahi raina a jagule yake.

Ka gaida Baba da kowa. Naka,
Mubarak.

*

Mungadi.

Zuwa ga Yaya Mubarak.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, Inna tana gaishe ka, Anti Rahama matar Yaya Sambo ma haka. Cikinta ya tsufa, haihuwa yau ko gobe.

Yaya, ba zan ɓoye maka ba, Yaya Sambo ƙarewa yake yi. Ba ya cin abinci a gaban kowa. In na kai masa sai ya ce, “Aje nan ki tahi. Ba ni cin tuwo da hagu gaban ɗiya.” In na koma ɗaukar kwano, yadda na ajiye haka nake samu, sai ɗan gefe da ya taɓa. Ya daina zuwa masallaci don kada a miƙo masa hannu bayan sallama. Dungun ma ya hana kowa gani, kullum yana naɗe da tsumma, ni kuwa ina jin wani wari da ban yarda da shi ba.

Jiya ya ce wa Inna, “Mi za ni miƙa ma mutane ran suna? Dungu?” Inna ta shiga ɗaki ta yi kuka. Abin da kawai ke sa ya ɗago kai shi ne ƙarar motar Labbo, don yana zaton hannun ne ya iso. Kai ka auna shi da zare, kai ka yi masa alkawari. Me ya tsayar da aikin?

Ka huta lafiya. Ƙanwarka,
Bushira.

*

Aliero.

Bushira, sallama da gaisuwa. Labbo na jirana, ba zan tsawaita ba. Ba abin da ya tsayar da ni sai waya. Tawa ta lalace, ita ce injin ke aiki da ita, kuma na rasa irinta a nan. Da zarar na samu waya, hannun ya fito. Ki ce wa Yaya ya ƙara haƙuri, ya kuma riƙa cin abinci don Allah. Ki gaida Inna.

Yayanki,
Mubarak.

*

Jega Magaji.

Zuwa ga babban injiniyan taliya na ƙasar Aliero.

Amin, wa alaikumus salam. Gaisuwa da fatan alheri. Shago na nan, zafi na nan, wuta ce dai babu.

Na juye tarkacena kaf saboda kai, har kunama sai da ta gaishe ni. Dutsen guga na zamani ka manta da shi, wayar a binne take cikin ƙarfe, na fasa guda uku ban fito da komai ba sai yankan yatsa. Ta risho kuma kauri gare ta, batirinka ba zai ja ta ba, sai dai ta ja shi. Na kusa cewa ka haƙura.

Sai Allah ya kawo Mardiyya mai gyaran gashi da dirayarta ta busar da gashi da fankar ta mutu. Na buɗe, ga waya siririya naɗe kamar an yi don kai. Na ce mata dirayar ba ta tashi, kuma ba ƙarya na yi ba. Da ta ji abin da za a yi da ita ta ce in ɗauka. Ga ta nan cikin kwalin ashana. Kada ka naɗa duka, ka yanki kamar kamu ɗaya ka fara gwadawa, ka kuma raba ta da jikin ƙarfen da farin ɓawon da take naɗe a kai cikin dirayar, na haɗo maka shi.

Wasa dai nake yi, amma maganar Sambo ta hana ni sukuni. Mutumin da shi kaɗai ke ɗora buhun albasa a mota. Ka yi sauri.

Sai mun haɗu. Abokinka,
Surajo.

*

Mungadi.

Zuwa ga Yaya Mubarak.

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Na karanta wa Inna takardarka. Ta ce, “Waya ɗai tah hana ma ɗana hannu? Ɗauki tawa ki ba Labbo shi kai mai.” Na ce mata ita kaɗai ce a gidan, tunda ta Yaya Sambo injin casa ya haɗa da ita. Ta ce ita wa take kira, ai hannu ya fi hira. Ga ta nan a ƙulle cikin ɗankwali, da cajarta. Ƙarama ce, ban sani ba ko injin zai karɓe ta.

Anti Rahama ta sauka lafiya, namiji. Yaya Sambo ya ɗauke shi a cinya, ya daɗe yana kallon yatsunsa. Zazzaɓi yake yi amma ya ce ba komai. Da ya ji an aiko maka waya har ya sha fura.

Ƙanwarka,
Bushira.

*

Aliero.

Zuwa ga ƙanwata Bushira.

Assalamu alaikum. Barka da arziki, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Albishirinki, ga hannu nan a kwali.

Amma ke da Inna kun ba ni dariya, har da ƙwalla. Ba wayar kira nake nufi ba, wayar ƙarfe ce, siririya, mai yin zafi ta narkar da roba. Surajo ya samo mini a cikin dirayar busar da gashi. Laifina ne da na rubuta a gurguje. Na so in mayar da ta Inna a ranar, sai na ce bari ta zauna in riƙa kiran Surajo yana gyara mini naɗin, in ya so ta dawo tare da hannun. Ga ta nan a kwalin.

Wayar dirayar ta yi aiki. Sau biyu tana tsinkewa, na ƙare da guntun ƙarshe, shi ya sa ɗan ƙaramin yatsan ya fito a ɗan karkace. Ki zura masa dungun, ki ja maɗaurin ba da ƙarfi ba. Akwai tsaga tsakanin babban yatsa da manuni, nan cokali zai shiga. Ina gama jarrabawa zan taho, ko da ranar sunan ce. Kafin nan ki rubuto mini abu guda: yana riƙe cokalin?

Ki gaida Inna, ki ce mata na gode. Yayanki,
Mubarak.

*

Mungadi.

Yaya Mubarak,

Assalamu alaikum. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Yaya Sambo ya rasu shekaranjiya, an kai shi bayan la'asar.

Da hantsi ya faɗi a tsakar gida. Da muka kwance tsumman, hannun ya yi baƙi har kafaɗa. Ranar kasuwar Jega ce, maza duk sun tafi. Na samu aron waya a maƙwabta, amma lambar Labbo da ta kowa suna cikin wayar Inna, ba wadda na haddace. Sai a amalanke muka nufi bakin titi da shi. Bai kai ba.

Kwalin ya iso yau. Na karanta wa Inna takardarka, na tsallake wajen dariyar. Ta tambaye ni ko wayarta ce ta tada injin, na ce ita ce. In ka zo, haka za ka faɗa.

Ka ce in rubuto maka abu guda. Anti Rahama ta gwada hannun. Yana riƙe cokalin.

Ka taho. Ƙanwarka,
Bushira.