Tari Ne Kawai?

Mildura, Ostareliya

Mama,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙafarki, yaya sanyin Lublin? Ki gaida 'yar'uwata Wiesia da yaranta. Ni lafiyata ƙalau, aikin tsinkar inabi yana tafiya.

Akwai wata kalma da mutanen nan ba sa rabuwa da ita, "only" da Turanci, wato "tylko" a yarenmu, ma'ana "kawai". Na daina yarda da ita. Ranar da maciji ya shige takalmina ya sare ni, mai gonar cewa ya yi, "Haba Leszek, ɗan ƙarami ne kawai!" Ya ce asibiti nan kusa ne kawai, muka yi ta tafiya har rana ta faɗi. Kada ki damu, kumburin ya sace. Amma na lura duk inda suka sa kalmar nan, akwai abin da suke rufewa.

Shi ya sa wayarmu ta Laraba ta tsaya min a rai. Kin ce Baba tari ne kawai yake yi. To me ya hana a ba shi wayar? Kuma me ya kawo limamin coci gidanmu tsakiyar mako? Na ji muryar limamin sarai a wayar.

Allah ya ba Baba lafiya. Mama, ki faɗa min gaskiya, jakata a ɗaure take, a shirye nake in taho gida.

Ɗanki,
Leszek