Safar Golan Ɗana Ta Zo a Juye

Zuwa ga mai girma Mudirin Sashen Yara na nadi, wato kulob ɗin wasan hokin ƙanƙara, Jidda.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da iyali, da Hajiya mahaifiyarka. Ustaz, ni ne Adamu, baban Hamza, yaron nan dogo siriri da ke tsaron raga a ajin ƙanana. Direba ne ni a wani gida a Abhur, zamana kuma a Nuzla. Da gangan na rubuta maka da Hausa. Na san ba ka mayarwa, amma kana ji sarai, domin a Hindawiyya ka tashi, cikin Hausawa 'yan uwanka, kuma na sha jin ka a waya kana ce wa Hajiya "to, na ji". Na kuma sa wasiƙar a zauren iyaye inda kowa zai gani, saboda na gaji da tsayuwa a ƙofar ofishinka ana ce mini bukra, wato gobe. Ƙarshen watan nan za ku rufe sunayen yaran da za su je gasa, kuma yadda abin ke tafiya Hamza ba ya ciki.

Ga waɗanda ba su san yadda ɗan direba ya faɗa wasan ƙanƙara ba, bari in faɗa a taƙaice. 'Ya'yan kafilina, wato maigidan da nake wa aiki, nake kaiwa tamrin, wato atisayen wasan. Wani hutu na tafi da Hamza don kada ya wuni a lungu, aka rasa wanda zai tsaya a raga domin kowa tsoron ƙurs yake, wato dunƙulen baƙar robar nan da suke bugawa mai taurin dutse. Shi ya ce zai tsaya. Tsohon Kaftin, mai horar da su, wanda ya koma ƙasarsu bara, ya ga yadda hannunsa yake tafiya, ya ɗauko kayan ɗansa da suka yi masa kaɗan ya ba shi. Allah ya sa ɗan Kaftin bahago ne, Hamza ma bahago ne. Da kayan nan ya koyi duk abin da ya iya, har suka matse shi, yatsunsa suka huda safar. Kai da bakinka ka ce mini a bara ba ku da gola kamarsa a ajin.

Ga abin da ke tafe da ni.

Na farko, yadda aka yi awo. Kun sanar cewa babu shagon da ke sayar da kayan gola na yara a garin nan, don haka nadi zai haɗa oda guda daga waje, mandub, wato wakilin kamfanin, zai zo ya auna yara. Ranar da ya zo ina Abhur da matar gida, ba ni da ikon cewa a jira ni. Abin da Hamza ya ba ni labari, kuma iyaye biyu da ke wurin suka tabbatar mini, shi ne mandub ya jera yaran, ya auna tafin hannu da tef, sannan ya riƙa miƙa wa kowane yaro gorar ruwa. Hannun da yaro ya sa ya karɓa, shi ya rubuta a matsayin hannunsa. Bai tambayi kowa ba. Ya ce wai yara ba su san dama da hagu ba, wannan dabarar ta fi sauri.

Haba Ustaz. Wane yaro ne daga gidajenmu babba zai miƙa masa abu ya sa hagu? Kai ka sani, domin kai ma an daka maka duka a bayan hannu kana ƙarami. Hamza da hagu yake rubutu, da hagu yake jifa, da hagu yake riƙe sanda, amma tun yana rarrafe kakarsa ta hore shi a kan ci da gaisuwa da karɓa. Ko barci ka tashe shi ka miƙa masa abu, dama za ta fito. Ranar ma ya sa dama ya karɓa, ya tallafe gwiwar hannun da hagu kamar yadda aka koya masa, ya ce shukran. A zatonsa ruwa aka ba shi ya sha. Kana cikin ɗakin a lokacin, an ce kana duba waya.

Na biyu, abin da ya zo. Wasu iyaye sun ce mini ai safa safa ce, a sauya hannu mana. Ba haka ba ne, kuma kai ka fi ni sani. Gola safa biyu yake sawa, kowace da aikinta. Ɗaya mai aljihu ce, da ita ake cafke ƙurs. Ɗayar mai allo a bayanta, da ita ake riƙe sanda ana kaɗe abin da ya zo. Mai amfani da dama yana riƙe sanda a dama ya cafke da hagu, bahago kuma akasin haka. An ɗinka kowace da mazaunin babban yatsa a gefe guda, ba ta shiga ɗaya hannun. Na ma kai wa wani baduku a Hindawiyya ko zai iya juya su. Ya jujjuya, ya yi dariya, ya ce sai dai in kawo yaron ya juya masa hannu.

Ranar da kwalin ya iso duk gidan muka taru a kansa. Hamza ya yanke leda, ya zura hannu, ya cire, ya gwada ɗayan, ya sake cirewa. Uwarsa tana ta guɗa tana cewa a ɗauki hoto a tura wa dangi a Sudan, shi kuwa yana tsaye yana kallon tafin hannunsa. Ni da ba na wasan sai da na ga fuskarsa na gane an yi ɓarna. Kuɗin kayan nan kwasar adashin uwarsa ce, wadda ta yi niyyar gyara mukayyif, na'urar sanyaya ɗakin yara, da ita. Ta ce a bar zafi ya ci mu wannan shekara, tunda yaron ya samu abin da yake so. Har yanzu a falo yaran suke kwana.

Na uku, amsar da aka ba ni. Washegari na zo da kwalin da fatura, wato rasit, Hamza na biye da ni. Ka ce a kira mandub. Mandub ya ce an buga sunan yaro a wuyan safar, kamfani ba ya karɓar abin da aka buga wa suna. Wa ya ce a buga? Nadi ne ya ce, don kada kaya su cakuɗe. Na ce to kuskuren awo fa? Ya ce shi abin da ya gani da idonsa ya rubuta, kuma da yaron ya yi magana. Yaron da bai san ana gwada shi ba, kuma ko ya sani, ba a koya masa ya gyara wa babba zance a gaban mutane ba. Sai ka dafa kafaɗata ka ce, "Ma'alesh ya Abu Hamza, yi haƙuri, yaro ne, zai saba." Wallahi maganar nan ta fi ta mandub yi mini ciwo, domin shi baƙo ne a al'adarmu, kai kuwa ɗan gida ne.

Daga nan sai zirga-zirga. In na samu awa guda tsakanin kai yara makaranta da ɗauko matar gida, in taho da gudu, a ce kana taro. In kira, a ce bukra insha Allah. Kafilina mutumin kirki ne, amma har shi ya fara tambayata ko wani aiki na samu a mol, babban kantin da filin ƙanƙararku yake ciki. Na shiga kasuwar gwanjo ina nuna wa mutane hoto a waya, wani ya kawo mini safar dambe, wani ta masu walda. Ƙanin matata ya duba mini a intanet, na bahagon yaro ba su da yawa, wanda ya samu kuma ba zai iso ba sai bayan kun rufe sunaye, ko da ina da kuɗin, ba ni kuwa da su. Na nemi in sayar da waɗanda suka zo. Iyayen gola a garin nan ba su cika hannu ba, kowa ya riga ya saya a odarku, kuma wa zai sa wa ɗansa safa mai sunan Hamza? Tsofaffin kayan ma na ɗinke su na kawo, sabon Kaftin ya hana, ya ce ƙurs zai karya masa yatsa. A nan kam ban ga laifinsa ba.

Na huɗu, abin da hakan ya yi wa yaron, kuma shi ne dalilin wannan dogon rubutu. Ka ce zai saba, to ya gwada. Na tsaya a bayan gilashi na gani da idona. Ƙurs ya taho ta sama, hannun da ya saba cafkewa ya tashi da kansa, sai ga shi allo ne a wurin, abin ya daki allon ya faɗo gaban ɗan wasa, a mayar masa a raga. Sanda kuma tana hannun da ba ya jin ta, ƙasa ta zama a buɗe. Yaran da a da suke rungume shi bayan wasa sun fara buga sanda a ƙanƙara suna tsaki. Wani uba a kusa da ni, bai san ni ne baban ba, ya ce wannan gola ko labule aka rataya ya fi shi. Sabon Kaftin bai taɓa ganin Hamza da kayan da suka dace da shi ba, abin da ya gani kawai yaro ne da ake zura wa ƙwallaye. Ya mayar da shi benci, ya sa wani.

Ka san ƙa'idarku. Bana ce shekararsa ta ƙarshe a ajin ƙanana, kuma ajin gaba daga waɗanda suka je gasa kuke ɗaukar gola. In bai je ba, halas, ya fita daga wasan ke nan, domin babu wani nadin da zan kai shi. A Jidda aka haifi yaron nan, bai san wani gari ba, amma wurare da yawa sai an tambaye shi iƙama, takardar izinin zama, kafin a tambayi sunansa. A kan ƙanƙarar nan ne kaɗai na ga ana kiran sunansa da ƙarfi ana tafi. Ni direba ne, ba ni da gida ko shagon da zan bar masa, kuma na yi zaton wannan ƙofar ce Allah ya buɗe masa. Ina faɗa maka a fili, raina ya ɓaci, kuma na fara fidda rai.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Nadi ya karɓi safar nan ya ajiye a cikin kayan aro, ai masu dama ne suka fi yawa, za ta yi amfani, a sayo masa ta bahago a kan kuɗin nadi ko na mandub, ku kuka san yadda za ku raba. In ba za ta iso a kan lokaci ba, ka ɗaga waya ka tambayi nadin wasu garuruwa ko akwai ta aro, kai za su saurare ka, ni ba su san ni ba. Ka kuma zaunar da sabon Kaftin ka gaya masa gaskiyar abin da ya faru, ka nuna masa bidiyon wasannin bara, kada a yanke wa yaro hukunci da hannun da ba nasa ba. Sannan don Allah, duk ranar da za a sake awo, a buɗe baki a tambayi yaro ko ubansa. Akwai 'ya'yan mutanenmu biyu a ajin da ke ƙasa, ban san ko akwai bahago a cikinsu ba, kai ma ba ka sani ba.

Gaskiya ban sa rai za a yi ko ɗaya ba. Na ga yadda ake kallon takardar direba a ofis. Amma akwai abin da nake so ka sani kafin ka rufe sunayen. A makon nan malamin ajinsu ya kira ni makaranta. Ya buɗe mini aikin Hamza, rubutun ya lalace kamar na ɗan aji ɗaya, ba a karanta ko layi guda, har ya faɗi gwajin imla, wato shifta, da bai taɓa faɗuwa ba. Malam ya ce ya lura yaron ya daina rubutu da hagu, yana zama a kan hannun, yana ta fama da dama. A mota na tambaye shi wa ya sa shi. Ya ce ba kowa. Ya ce, "Baba, Ustaz ya ce zan saba, ina so in saba kafin ƙarshen wata." Na ce ya bari, ya ce to, amma yau da safe na ga da dama yake ɗaure takalmi, sai da ƙanwarsa ta taimaka masa. Maganarka yake bi, ya fi yarda da ita a kan tawa.

Allah ya ja da ranka, ya ƙara wa Hajiya lafiya, ya raya maka naka 'ya'yan, ya sa duk inda suka shiga a tambaye su kafin a yanke musu.

Wassalamu alaikum.

Adamu, Abu Hamza
Nuzla, Jidda