Jinina Jininki

Chur, Nuwamba

Zuwa ga rabin jikina Seraina,

Gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kina lafiya, ke da awakinki da mijinki Curdin, masu gemu dai baki ɗaya. Ɗana Flurin yana gaida ke.

Na je na ga likita. Ta ce tunda sankarar nono ce ta ɗauke Mamma da ƙanwarta, ya kamata a gwada jinina, a ga ko mun gaji abin. Da na ce mu tagwaye ne, ƙwai ɗaya, sai ta ajiye biro, ta ce in sani duk abin da aka gani a jinina yana cikin naki.

Na fahimci roƙonki. Inshorar lafiya ta dole ba ta korar kowa, amma ƙarin da kike nema saboda sana'ar cukunki kamfanin zai yi miki tambayoyi kan ciwon gado, kina so ki ce ba ki sani ba, ya zama gaskiya kika faɗa. Zan jira su karɓe ki kafin a gwada ni. Ai ko wajen haihuwa ke kika riga ni, na saba.

A jirgin ƙasa na yi gyangyaɗi, na ga Mamma tana shanya a bayan gidanmu na ƙauyen Guarda, farin zani bayan farin zani, har suka haɗe da ƙanƙarar dutse. Ta kira sunan ɗayarmu, ban ji na wa ba.

Taki,
Ladina

Chur, Fabrairu

Seraina tawa,

Ina gajiya, ina sanyi? Cukun ya iso, Flurin ya cinye rabi tun a bakin ƙofa.

Kin ce har yanzu kamfanin yana nazari. Ni kuwa kwanakin nan kamar a cikin ruwa nake tafiya. Ina koyar da yara, muryata na zuwa min daga nesa. In na tsaya gaban madubi ke nake gani, sai in kama duba ki, ko kin rame. Jiya Flurin ya tambaye ni shekarun Mamma da ta rasu. Na faɗa masa. Ya kalle ni, ya iya lissafi yanzu.

Na gaza, Seraina. Na je an ɗebi jinin. Ki yafe min. Alkawari dai ɗaya na riƙe: ko me aka gani, ba za ki ji shi daga bakina ba sai kin nema.

Taki,
Ladina

Chur, Afrilu

'Yar'uwata,

Ina fatan kuna lafiya, awaki sun haihu lafiya. Shirunki ya iso, na kuma karanta shi.

Nan furanni sun fito a bakin kogi. Rabona da jin ƙafata a ƙasa haka tun kaka. Ina barci, ina cin abinci, Mamma ma ta daina zuwa min a mafarki.

Sakamako ya fito. Ba zan rubuta shi ba, kamar yadda na ce. In kamfanin ya tambaye ki, ba wanda ya gaya miki komai.

Sai dai ina da wata 'yar buƙata. Farkon watan Mayu zan kwana biyu a asibiti, in na dawo kuma an ce ba zan iya ɗaga hannu sama ba na wani lokaci. Flurin zai buƙaci mai yi masa girki. Ni ma zan buƙaci mai wanke min kai, kuma ba wanda ya san kan nan kamar ke.

Ki zo.

Ƙanwarki,
Ladina