Asuwaki a Kurmin Makaranta

Zuwa ga Innata, Hajiya Rabi mai asuwaki,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa irin ta 'ya ga mahaifiya, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'ima a makwancinki. Na rubuto ne saboda tsoro ya cika min ciki, kuma tun ina ƙarama ke nake kawo wa tsorona.

Inna, an tura mu horo, mu malaman firamare. An ce duk makarantar da ke da ɗan kurmi a bayanta za ta riƙa fitar da yara su yi lissafi da kimiyya a gindin itatuwa. Tamu tana da shi, ya daɗe a kulle. Ni da aka haifa a Zongon Lome, wadda dajin da ta sani bai wuce tiren asuwakinki ba, wai ni ce zan ja yara cikin itatuwa.

Kin tuna tiren nan? Kina zaune a ƙofar gida kina yanka itace daidai-daidai, kina ɗaurewa da zare. Duk yaron da ya gifta sai kin miƙa masa ɗaya, kina cewa, "Ungo, goge bakin nan kafin ka gaishe ni." Haka duk unguwa muka tashi da tsinke a baki. Itacen da ya fito daga hannunki bai taɓa cutar kowa ba, shi ya sa ban san zaɓa kike yi ba.

Ranar horon, mai koyar da mu, wani dattijo Misye Komlan, ya kai mu kurmin wata makaranta a bayan gari. Yana bayanin yadda ake auna tsawon bishiya da inuwarta, ina saurare, ashe hannuna ya karyo reshen wani ɗan itace mai furanni rawaya. Wallahi ban san na yi ba. Har na kai shi leɓe, sai dattijon nan ya kaɓe min hannu da ƙarfi, awarwarona ya yi gefe. Ya nuna min farin ruwan da ke ɗiga daga reshen, ya ce guba ne, yana tsayar da zuciya. Leɓena ya yini yana zugi. Malaman da suka taso a ƙauye suka yi ta mamakina, wai ko akuyarsu ba ta kusantar wannan itacen.

Da na dawo, na sa aka buɗe min kurminmu. Inna, ga shi nan jere a bin katanga, furanninsa gwanin kyau, daidai tsayin hannun yaro. Na roƙi darakta, shugaban makarantarmu, a sare su. Ya ce ai abin da horon ke so kenan, yara su san na taɓawa da na gudu, kuma itacen ya cika gari, ba za a sare na ko'ina ba. Ya sa aka shafa musu jan fenti. Na san yana da gaskiya, amma hakan bai rage min komai ba.

Jiya na gwada 'yan ajina. Na yi musu dogon gargaɗi, suka amsa da Faransanci, "Wi, Madam!" har rufin ajin yana amsawa. Sannan na zuba rassan dogon yaro a kan tebur, wanda ba ya cutarwa, na ce kar kowa ya taɓa, na juya ina rubutu a allo. Da na waigo, bakuna na motsi ta ko'ina. Ba rashin ji ba ne, su ma ba su san sun ɗauka ba. A layin gaba akwai takwararki, 'yata Ummi, jikarki da ba ki gani ba, tana tauna nata a gefen baki irin yadda kike yi. Ta yi min murmushi, ni kuwa sai na ajiye alli na zauna.

Ranar Litinin za mu shiga kurmin. Idanuna biyu ne kawai, Inna, hannuwansu kuwa ba sa ƙirguwa.

Ya Allah, Ka haskaka kabarin Innata, Ka yafe mata, Ka sa Aljanna ce makomarta. Ka riƙe hannuwan yaran nan a inda idona bai kai ba. Ka dawo min da su aji kamar yadda na fitar da su, har da Ummi, kar Ka sa ta riga ni zuwa wurin kakarta.

'Yarki mai kewarki,
Hadiza