Awa Huɗun Doña Nélida

Yaya Zulay,

Gaisuwa daga Montevideo. Ya jikin Mama? Ni lafiya lau, sai sanyi.

Doña Nélida, tsohuwar da nake kula da ita, ta rasu ranar Lahadi, ranar da ba a tura kowa. Awa huɗu a rana gwamnati ta ware mata: wanka, abinci, magani. Hira ba ta ciki. In zan tafi takan ce, "'Yata, zauna mu sha shayi mana, gobara ake a gidanku?" Ban taɓa zama ba, wani tsohon na jirana.

Ban yi kuka ba. Talata aka ba ni wata tsohuwar.

Don Allah in kin gama yi wa Mama wanka, ki ɗan zauna.

Ƙanwarki,
Yolimar